Mai Shago Ya Ce Bai San Ni Ba

Tallan yakan zo ne bayan labarun safe, daidai lokacin da nake ɗora ruwan shayi a kan risho. Muryar wani namiji ce mai sanyi, Hausarsa irin ta gidan rediyo, ba gargada ko kaɗan. Sai a ɗan kaɗa garaya, sannan ya ce wani banki ya fito da katin lamuni, ka sayi abin da kake so yau, ka biya a hankali. Daga ƙarshe sai ya rage murya ya ce, "Ba sai kana da kowa ba. Mu mun san ka."

Ni kuwa a lokacin ba ni da kowa a Zuru, don haka na ɗauka da ni yake.

Canjin wurin aiki ne ya kawo ni daga Argungu, ina koyar da lissafi a wata sakandare, ba a daɗe da rasuwar matata ba. 'Yata na bar ta a gida wurin mahaifiyata. Na kama ɗaki ɗaya a bayan wani shagon kayan masarufi, tagata tana kallon dutse da gonakin dawa da suka hau shi har rabi. Garin bai yi mini laifin komai ba. Mutanensa akwai gaisuwa, akwai kyautar mangwaro, sai dai da hira ta fara daɗi sukan koma yarensu, ni kuma in tsaya ina murmushi kamar na gane. Ran Lahadi unguwar takan watse zuwa coci, waƙa tana gangarowa daga bakin dutse, ni ina tsakar gida ina wanki. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, har nakan bar rediyo a kunne in fita makaranta, don in na dawo in tarar da ana magana a ɗakin.

Mai shagon Ibo ne, ya daɗe a Zuru har 'ya'yansa a nan aka haife su. A wurinsa nake sayen sukari da sabulu da batir da kananzir. Shi yana ce mini Ticha, ni ina ce masa Oga. A gaban shagon akwai benci, kuma kusan kullum za ka tarar da wani tsohon soja ɗan garin a kai, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo yana gyara wa duniya zama. In na dawo daga makaranta nakan zauna da su kaɗan kafin in shige. Iyakar zumuncina a garin ke nan.

Shekarun ne bankuna suka harhaɗe, kowanne ya yi sabon fenti, aka kafa ƙarfen sabis a kan tudu, waya ta shigo hannun mutane. Albashinmu ma aka mai da shi banki. Kusa da tasha suka kafa wani ƙaton allo mai hoton mutum cikin farar shadda, yana riƙe da katin yana dariya, a ƙasa an rubuta maganar nan ta rediyo. Na ce wa kaina babur zan saya in huta da 'yan kabu-kabu. Amma a Zuru ta wancan lokaci, ka miƙa wa mai sayar da babur ɗan guntun roba, sai ya tambaye ka ko lafiyarka ƙalau. Na san da haka sarai. Abin da ya ja ni dai shi ne wannan "mun san ka".

Wani saurayi mai laktaye ne ya karɓe ni a bankin. Ya ba ni kujera, ya ce abin ba wuya, tunda albashina ta wurinsu yake shiga ai kamar an gama. Muka cike abin cikewa. Sai can wajen ƙarshe ya ce akwai ɗan abu ɗaya, ana son mutum guda mazaunin gari, ba ɗan'uwa ba, ba abokin aiki ba, mai asusu a bankin kuma mai waya, wanda za a kira daga hedkwata ya shaida ya san ni. Ya ce ƙa'ida ce kawai, kada ta dame ni. Ban tsammaci tambayar ba. Na laluba garin nan kaf a raina, ban sami kowa ba sai Oga.

Da yamma na same shi yana auna wa wata mata gishiri. Na ce banki za su kira shi su tambaye shi ko ya san ni.

"Ticha! Ni ba san ka?" Ya bugi ƙirji yana dariya. "Su kira! Ko gwamna ya kira, ni zan faɗa masa kai mutumina ne."

Tsohon soja ya ce in ana buƙatar ƙarin shaida a zo da shi, sai dai shi ba ya magana da mutumin da ba ya gani. Na shiga ɗaki ranar da farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba. Har tuwo na saya na ci a bencin tare da su.

Aka ɗauki makonni shiru. Damina ta kankama, dawa ta rufe dutse, yaran da ke zuwa mana daga wajen Danko da Mahuta suka fara fashin makaranta saboda noma. Wata rana ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙo ne da Turanci, gajere, suna baƙin cikin sanar da ni ba a amince da buƙatata ba. Ba dalili, ba sunan wanda ya aiko.

Ina da zuciya, wannan ko ɗalibaina sun sani. Washegari na sa kaftanina mafi kyau, na kafa hula, na nufi bankin da maganata a shirye tun daga gida. Saurayin nan ya gan ni ya fara murmushin aiki, na ce ya ajiye shi, manaja nake nema. Manajan wani mai ƙiba ne, ɗakinsa sanyi kamar randa. Da raina ya ɓaci Hausar gidanmu takan dawo bakina, ranar kuwa ta dawo duka.

"Ku kunka ce ba sai mutum na da kowa ba," na ce. "Kullum sahe nika jin shi ga rediyo. Kun kahwa allo bakin tasha. Na zo, kun ce in kawo wani. Na kawo, kun hana. To mi kuka nuhi?"

"Malam, wancan ai talla ne," ya ce, yana juya biro. "Abin da ake nufi, ba sai kana da uban gida ko wata hanya ba."

"To ku hwaɗi haka mana! Hausa ta ƙare ne?"

Ya ce ba su suke rubuta talla ba, daga hedkwata ake aiko shi. Na ce hana katin fa? Ya ce shi ma daga hedkwata. Na ce to shi me yake yi a nan, gadin sanyi? Saurayin da ke tsaye a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Na ce ba zan tashi ba sai an gaya mini dalili, in bashi ake bina a faɗa, in albashina ne ya yi kaɗan a faɗa. Manajan ya ja numfashi, ya danna kwamfutarsa, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, muryarsa ta sauka.

"Ba albashi ba ne, Malam. An kira mutumin da ka bayar. Ya ce bai san ka ba."

"Shi yac ce haka?"

"Haka aka rubuta."

Duk maganar da na shirya ta zube. Na zo ne in yi faɗa da banki, kuma da sun ce mini talaka ne ni da na ji daɗin faɗan. Na tashi na yi musu sallama da ladabi. Ban hau kabu-kabu ba, na taka da ƙafa ta cikin kasuwa, ana ta ciniki da yaren da ba na ji. Kunya ce ta fi damuna, kunyar na ɗauki gaisuwar mai shago da mai saye na mai da ita abota.

Ban tunkare shi ba. Me zan ce? Mutum yana da ikon ya ce bai san ka ba, musamman in maganar bashi ce. Sai na koma shiga gida ta lungun baya, sukari da sabulu kuma ina saye a wani kanti kusa da makaranta. In na jiyo dariyar tsohon soja daga benci sai in ƙara muryar rediyo. Tallan kuwa bai fasa zuwa ba kowace safiya, da garayarsa da komai.

Ranar da na koma shagon, ruwa ne ya kore ni. An wuni ana yi, kananzir ɗina ya ƙare, magariba ta kusa, kantin makaranta ya yi nisa. Na ɗauki kwalba da laima na zagaya. Tsohon soja ya shige ciki yana fakewa, yana zaune a kan buhun shinkafa.

"Ticha! Ina ka shiga? Ni ce ko ka tafi gida ne." Oga ya karɓi kwalbar yana ɗura mini. "Kuma bankin naka ba su da kirki. Har yau ba su kira ni ba. Kullum ina sa waya caji, ko coci ba na kashe shi."

Na dube shi. Ba alamar wasa a fuskarsa.

"Sun kira ka," na ce. "Kac ce ba ka san ni ba."

Ya ajiye mazurari. Ya rantse da Allah ba wanda ya tambaye shi Ticha. Sai can ya dafe kai. Ya ce akwai dai wata mata da ta kira kwanaki, da Turancin Legas, ta ambaci wani dogon suna ta ce ko ya san mai shi. Shi kuwa ya zaci 'yan damfara ne, don lokacin sun addabi mutane a waya, ya ce bai taɓa jin sunan ba ya kashe.

Ruwa yana ta dukan kwano. Tsohon soja ne ya fara magana, a hankali.

"To wai, Ticha, mene ne sunanka ma?"

Na buɗe baki in yi fushi, na rasa da wa zan yi. Ban taɓa gaya musu ba, su ma ba su taɓa tambaya ba, don a wurinmu ba a tsare babban mutum a ce ya faɗi sunansa. A makaranta Malam Lissafi nake. Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba tunda ta haife ni, "wannan yaron" take cewa har na yi furfura. Matata Malam take ce mini har ta koma ga Allah. 'Yata Baba. Mahaifina ne kaɗai yake kiran sunan nan cikakke, da ƙarfi, daga zaure, shi kuma ya daɗe da rasuwa. Ashe mai tallan bai yi ƙarya duka ba. A duk faɗin Zuru bankin ne ya san sunana, kuma shi ne ya ƙi ni.

Na faɗa musu sunan. Ya fito daga bakina wani iri, kamar na ari na wani. Oga ya maimaita ya karya shi a tsakiya, tsohon soja ya gyara masa ya ƙara ɓata shi, suka kama musu a kan wanda ya fi daidai. Oga ya ce gobe da sassafe zai rufe shago mu je wurin manajan nan ya ga idonsa. Na ce ya bari. An riga an gaya mini sai bayan wasu watanni ake sake nema, kuma gaskiya katin ya fita daga raina. Ban sake nemansa ba har na bar garin.

Da safe ruwa ya ɗauke. Na fito da littattafaina a hammata, na bi ta gaban shagon ina tsallake taɓo. Na ɗan yi nisa sai na ji ana ƙwala wa wani kira daga baya. Na ci gaba da tafiyata, har ina cewa a raina wane ne wannan da ake kira yana ji ya ƙi amsawa. Sai da na kai bakin kwalbati aka sake kira, da ƙarfi, a karye a tsakiya, sannan na gane sunana ne.

Na juya. Oga ne tsaye a ƙofar shago yana ɗaga laimar da na manta jiya. Sai na ɗaga masa hannu, na koma na karɓa.