Bodin Kwamfutar Alhaji Illa

Ku da kuka san Alhaji Illa direba, don Allah ku faɗa mini abu ɗaya a garin Gazawa da bai taɓa shura ba. Ni jikansa ne, a gidansa na tashi, kuma ban san shi ba. Tun yana yaron mota ya koyi shurin taya kafin a ɗau hanya, abin ya bi jikinsa har ya zama ba ya yarda da komai sai ƙafarsa ta shaida. Buhun wake, shuri. Ragon layya, shuri. Gadon auren innata ma an ce sai da ya zagaye shi yana shuri a gaban dangin ango. Wata rana a wani shinge ya sauko daga gingimarinsa da takardu a hannu, ya wuce jandarman da ya tsayar da shi, ya je ya ɗirka wa tayar babur ɗinsa ƙafa.

"Alhaji, lahiya?" in ji jandarma.

"Iskarka ta rage, shef. Ka duba taka kahin ka duba tawa."

To, mutumin nan ne hawan jinin ido ya kama. Likita a Maradi ya ce gefen ganinsa ya riga ya tafi, saura tsakiya, ita ma tana kan hanya. Tsoho ya ce likitan ne ba ya gani. Bai daɗe ba ya yi baya da mota ya kwashe rumbun wani bawan Allah wajen Gidan Sori, da aka yi masa magana ya ce wa ya aike shi gina rumbu ba danja. Ranar kawunnaina suka haɗu suka karɓe makullin motar. Ba su yi laifi ba, amma wallahi ban taɓa ganin mutum ya zube kamar yadda kakana ya zube ba. Ya daina cin tuwo, ya daina faɗa, ya daina shuri. Za a wuce da sabon amalanke ta gabansa ko kallo bai ishe shi ba. Innata ta ce mini, "Mansur, tsohon nan in ba a yi wani abu ba, zama zai kashe shi kafin ciwo."

Ina da ɗan shago kusa da tasha inda nake gyaran waya da kwamfuta, samari kuma suna zuwa buga wasa. Wata la'asar na lallaɓa shi ya raka ni. Muna shiga ya tarar da wani saurayi a gaban allo yana wasan tuƙin manyan motoci, riƙe da sitiyarin roba, yana ta fama ya shigar da tirela cikin fili da baya. Tsoho ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Kai! Wa ya ba wanga farmin tuƙi? Tashi, tashi, ka kashe mutane!"

Ya zauna, ya gyara hula, ya murza sitiyari hagu, ya ɗan sassauta, ya dawo dama. Tirela ta shige tsaf. Shago ya ɗauki ihu. Da ya juyo sai na ga yana dariya, abin da muka manta kamanninsa a gida.

"Karen mota," haka yake kirana, "ka haɗa min irin wagga a ɗakina."

Ban tsaya wata-wata ba. Na bi abokan sana'a na tattaro kayan ciki: babban faranti da komai ke hawa kansa, katin hoto mai tsawo wanda shi ke ɗaukar nauyin wasa, da akwatin wuta, da fankoki. Abu ɗaya ya rage, gidan da za a zuba su, wanda mu a shago muke ce wa buwatiye. A wurina wannan ba abin tsayawa ba ne. In katin hoto ya shige, iska tana shiga ta gaba ta fita ta baya, shi ke nan. Kuskurena ɗaya, na faɗa a gabansa cewa zan shiga Maradi in sayo.

"Mi za ka sawo?"

"Gidanta, Tsoho. Kwanon da ake ruhe inji."

"Bodi ke nan! Yaro zai zaɓa min bodi ina raye? Ɗauko min takalmi."

Takalmin da ya sa ya kamata ya ankarar da ni. Ba silifa ba ne, tsohon kufutunsa ne na hanya.

Mai shagon da muka shiga a Maradi saurayi ne mai fara'a, ya jera buwatiye reras a ƙasa. Ya fara nuna mana wani baƙi mai gefen gilashi, ya kunna, fankoki suka shiga juyawa da wuta ja da kore da shuɗi.

"Subhanallahi!" in ji Tsoho. "Mota ce ko gidan rawa? Kuma ina ka taɓa ganin bonet na gilashi? Kowa ya zo wucewa shi leƙa hanjinka?"

"Alhaji, don a riƙa ganin kyan kayan ne."

"Wanda ka kallon inji ba shi kallon hanya."

Aka kawo wani ɗan ƙarami fari. Ya ce wannan taksi ce, kuma a nan kaɗai muka yi daidai, don katin hotona ba zai shiga ba. Aka kawo wani mai raga a gaba, wanda ni tun shigowarmu shi na ƙyalla: fili a ciki, wurin fanka uku, ga matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Na ce, "Tsoho, wannan fa ya yi." Ya zagaye shi yana gyaɗa kai. Ina cikin yi wa mai shago bayani sai na hango ƙafar dama ta ja baya.

"Tsoho, a'a!"

Ƙwal! Gefen ya lotsa, murfi ya fice ya yi tsalle ya faɗa kan na kusa da shi. Innalillahi! Mai shago ya ɗora hannu a ka. Tsoho ya duƙa ya ɗauki murfin, ya lanƙwasa shi da yatsu biyu.

"Gwangwanin madara. Ka gode Allah nan ta hwashe, ba bisa hanya ba."

Yana faɗa yana nufar mai gilashin. Wallahi rungume ƙafarsa na yi a tsakiyar shago, ni da gemuna. Mai shago ya raka mu har bakin titi, ba don girmamawa ba. Mai ragar nan lotsatse dai dole na biya na ɗauko shi, yana nan a shagona har yau ina zuba tsoffin wayoyi a ciki.

A mota na yi masa magana ta gaskiya. Na ce, "Tsoho, ka ji abin da likita ya ce. Idon nan ba zai jira mu gama zaɓe ba. Ko a kwali ne bari in haɗa maka ka fara." Sai ya ce shi bai taɓa hawa hanya da motar da ba ta cika mota ba, kuma ba zai fara da tsufa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina gani kullum sai ya ƙara matsar da waya kusa da fuska kafin ya gane mai kira.

Washegari na dawo cin abincin rana na tarar kwalin kayana ba ya ƙarƙashin gado.

"Inna, ina kayana?"

"Kakanka ya zuba su a buhu, ya hau amalanken Ɗan Jummai."

"Buhu? Wane buhu?"

"Na gawayi, amma ya kakkaɓe."

Ban san lokacin da na hau babur ba. A garejin Sale mai walda na same su. Babban farantin nan da nake ɗauka da hannu biyu ina riƙe numfashi yana kwance a ƙasa cikin garin ƙarfe, tartsatsi na zuba kusa da shi. Katin hoto kuwa an danne takardar awo da shi kada iska ta ɗauke. A tsakiya ga akwatin batirin tsohuwar gingimarinsa, wanda ya sa aka kwanto, Sale yana yanka masa taga.

"La'ilaha illallahu! Tsoho, ka kashe ni!"

"Ji min yaro da raki. Gwaji muka yi. Tela ba shi ɗinki sai ya auna mutum."

Na kwashe kayana ina hura su ɗaya bayan ɗaya. Da na ga ba makawa sai na zauna muka yi sulhu: bodi nasa, ciki nawa. Na ce faranti ba zai taɓa ƙarfe ba, sai an ɗaga shi a kan 'yan ƙafafu, in ba haka ba wuta za ta haɗu ya ƙone. Ya ce ai kowane inji a kan kujera yake zama, ba sabon ilimi ba ne. Na ce a huda gaba da baya don iska. Ya sa Sale ya yi wa gaban sanduna irin na lagireto, aka lulluɓe da ragar rariyar innata, wadda ba ta ji labari ba sai da ta zo tankaɗe. Ya so a ɗaura fankar kan direba ta motarsa, na ce sai dai bayan raina. Aka shafe shi da koren fenti, aka rataya masa 'yan robobin tare laka a baya, mai rubutun motoci ya zana masa zaki a gefe. Ƙarti biyu suka shigar da shi ɗaki suna nishi.

Da na nuna masa ɗan maɓallin da ake dannawa a kunna, sai ya kalle ni kamar na zage shi.

"Mota ba makulli?"

Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna abin da aka karɓe masa. Na koma gareji na samo tsohon makunnin mota da makullinsa, na jona wayoyi biyun maɓallin a jikinsa.

Ranar tashi ɗaki ya cika. Har amininsa Jauro ya bar shanunsa ya zo, aka ba shi kujerar gefen direba. Tsoho ya yi bisimilla ya murza makulli. Shiru. Ya sake murzawa. Shiru. Na ce shi ke nan, garin ƙarfen Sale ya gama da mu.

"Ku tura," in ji Tsoho.

"A tura me?"

Ya miƙe ya ja ƙafa. Wannan karon ban ma yi yunƙurin tare shi ba. Dum! Ya koma ya murza, fankoki suka ɗauka, allo ya kawo haske. Jauro ya zabura ya yi waje ya bar sandarsa. Jama'a, ni na ga ƙwan fitilar tsakar gida ya kama a daidai lokacin. An ɗauke wutar gari ne ba mu lura ba, aka dawo da ita. Na yi bayanin nan har na gaji, babu wanda ya saurare ni.

Daga ranar kakana ya koma aiki. Da hantsi zai yi wanka ya sa hula ya ce a miƙo masa fura, yana da lodi. Hanyoyin cikin wasan na ƙasashen Turawa ne, abin ya riƙa ɗaure masa kai.

"Jauro, dubi ƙasa! Tun sahe nike tahiya, ba rami, ba jandarma, ba mai tuwo. Mi mutanen ga ka ci?"

"Ba nagge ko ɗaya?"

"Ko akuya."

"To a juya, Illa. Ba ƙasa ba ce."

In an kira salla ba ya yarda a tsayar da wasa. Sai ya sa sigina ya gangara gefen titi ya ja birki. Wata rana wuta ta ɗauke yana tsakiyar gada, ya wuni ba ya magana da kowa, wai ya tare wa mutane hanya. Tuwo kuwa har ƙari yake nema, faɗa ya dawo, innata tana share hawaye tana cewa a bar shi ya yi.

Rani ɗaya da damina ɗaya ya samu. Allon ya yi ta matsowa har ba sauran wurin matsowa, sai na koma zama a gefensa ina faɗa masa hanya: dama kaɗan, kwana na tafe, rage wuta. Wata safiya na lura ko allon ba ya fuskanta, kansa na kallon bango. Motar ta sauka daga kwalta ta shiga gonar mutane. Na kasa faɗa.

"Daidai kake, Tsoho. Miƙe."

"Ƙarya kake, karen mota. Ina jin tayata bisa ƙasa."

Ya sassauta, ya karkata kunne wajen lasifika, ya murzo sitiyari a hankali har ƙarar ta koma ta kwalta. Ya ce in nuna masa wuri mai faɗi. Na yi ta faɗa yana bi, ya gangara, ya tsaya, ya ja birki, ya kashe inji. Ya daɗe hannunsa na kan sitiyari.

"Ka shaida," ya ce, "wanga karo ba kowa ya sauke ni ba. Ni na iso."

Bai sake hawa ba, kuma bai koma zaman shirun nan ba. Yana faɗansa yana cin tuwonsa har ciwon kwana kaɗan ya ɗauke shi bayan an gama girbi. Ina kewarsa, jama'a, fiye da yadda bakina zai iya faɗa.

Allah ya jiƙan Alhaji Illa, ya yafe masa, ya haskaka masa kabarinsa da hasken da ya rasa a duniya. Allah ya sa ya sauka a masauki mai kyau. Amin.