Kwarin da Laujena Ya Yi wa Dutsen Baba

Wata Talata ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji uku a lakol ɗin ƙauyenmu kusa da Gidan Rumji, Baba ya zaro dutsen wasa aska daga zabirarsa, ya shafa shi da yatsa. Wanzami ne, dutsen kuwa baƙi ne sumul, gadon kakansa, ko Inna ba ta taɓa shi. Ni ce na ɗauke shi a ɓoye na wasa laujen da nake yankar wa akuyata ciyawa, har ya yi masa kwari a tsakiya.

"Wa ya taɓa dutsen ga?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Na ce ni ce. Na jira bulala, ba ta zo ba. Sai ya ce, "Rabi, gobe sunan ɗan maƙwabcinmu. Askar da aka wasa bisa kwari yanka jinjiri take."

Ya aike ni gulbi na ɗebo yashi, na tankaɗe da rariyar Inna. Ya karɓi allin lakol ɗina ya zazzane fuskar dutsen, ya zaunar da ni kan simintin bakin rijiya, ya ce in zuba yashi da ruwa in yi ta gurza dutsen a kai har zanen ya ɓace duka. Tun hantsi nake gurza, ina jiyo ƙawayena suna carafke, fatar yatsuna ta saɓule. Gefe-gefe ya goge da wuri, amma farin layin da ke cikin kwarin ya ƙi tafiya sai bayan la'asar. Baba ya karɓa, ya murza shi da toka har santsinsa ya dawo, ya wasa askar, ya gwada ta a gashin hannunsa. Ya mayar da dutsen cikin zabira.

Da safe na laɓe bayan dangar maƙwabcinmu, ina kallon askar na bi ta kan maɗigar jinjirin tana motsi. Ko ɗigon jini babu. Tun daga ranar, in dutsen ya fara lotsawa, ni Baba ke kira, ba yayyena maza ba.

Yau wanzaman garinmu reza suke saye a kanti, kowane kai da tasa, a yi a yar. Ya fi lafiya, na sani. Baba ya rasu, cikinmu ba wanda ya ɗauki zabira. Na yi ayyuka da yawa a rayuwa, amma ban sake yin wanda na ji tsoron ɓatawa kamar wancan ba.