Injin Lissafin Mushe Abdussamad

Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, labari ya iso mana nan garin Cadawa cewa Mushe Abdussamad, malamin lissafi a lakol ɗinmu, wato makarantar boko, inda muke ce wa malami Mushe, ya rasu a asibitin Agiye bayan gajeruwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mushe, na koyar a ajin da ke jikin naka, don haka na sha ƙarar injin nan naka. Da giyoyin tsofaffin kekuna ka haɗa shi a kan katako: faifai uku masu haƙora, da mariƙi. Na farko in ya matsa haƙori goma, sai ya tura na biyu haƙori ɗaya. Ka ce kwamfuta ma ba aljani ba ne a cikinta. Karɓa take, ta juya, ta miƙa wa na gaba, sauri kawai ta fi mu. Mun yi ta tsokanarka da mai niƙan lambobi, ba ka taɓa tanka mana ba.

Yaron da lissafi ya gagara ba ka dukansa. Mariƙi kake ba shi, ka ce ya juya har hannunsa ya gane.

Da aka kawo kwamfutoci bara, aka ce injin ya tare wuri, a ba masu sayen ƙarfe. Wannan ya dame ka ƙwarai. Ko a gadon asibiti, matarka Lantana ta ce shi kake tambaya.

Bayan sadakar uku mai sayen ƙarfe ya zo. Fadila, ɗalibarka da ke kula da kwamfutocin yanzu, ta ce a dakata. Ta juya mariƙin a gabanmu har ya kai ɗari tara da casa'in da tara, ta ƙara ɗaya. Faifan uku suka koma sifili.

"Ga shi ma ya lalace," in ji mutumin.

"Bai lalace ba, Baba," in ji Fadila. "Mushe ya ce in adadi ya cika, haka yake komawa."

Mutumin ya tura amalankensa ya tafi, injin yana nan inda ka bar shi. Ina kewar ƙararsa, Mushe.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Lantana da yara haƙuri. Mu kuma, in namu adadin ya cika, Ya sa mu cika da imani.