Ranakun Zunnuraini

Shekara talatin da ɗaya Zunnuraini ya yi yana haɗa shayi a bakin shingen iyaka, bai taɓa rataya kalanda ba. Motoci ne ke gaya masa rana. In ya ji kukan awaki a motar Ya'u ta fito daga Maraɗi, Asabar ke nan. In Abdulbaƙi mai tirelar masara ya zauna yana tsokanarsa wai shayinsa ruwan wankin kofi ne, Laraba ce.

Da ɗansa Imrana ya samu buɗi, sai ya ce abin kunya ne uba mai furfura ya riƙa wanke wa direbobi kofi. Ya gyara masa ɗaki a Magama, har da fanka, ya kyautar da teburin shayin. Kowa ya sa wa Imrana albarka, shi ma Zunnuraini ya sa.

Cikin wata uku ranaku suka narke suka zama ɗaya. Yakan yi barci da hantsi, ya farka ya rasa ko ya karya kumallo. Ba mai tsokanarsa, kowa sai ya durƙusa ya gaishe shi ya fita. Wata Talata ya sa babbar riga ya tafi Juma'a, ya tarar da masallaci wayam. Ya daɗe tsaye yana mamakin yadda gari guda ya makara.

Aka kawo rubutu, aka kawo ƙwayoyi. Sannan ya ji Imrana yana gaya wa uwarsa zai sayo kwaɗo a riƙa kulle zaure, kada Baba ya ɓace. Wannan kam ya fahimta sarai.

Washegari da safe ya fice. Imrana ya same shi a iyaka, kan bencin sabon mai shayin, yana masa faɗa madara ta yi yawa.

"Baba, yau wace rana ce?"

Zunnuraini ya kasa kunne. Can bayan shinge awaki na kuka.

"Asabar."

Imrana ya duba wayarsa. Alhamis ce. Sai ga Ya'u ya diro daga mota yana dariya. "Tsoho, ashe kana raye?" Ya ce ai tun bayan Sallah ya koma zuwa ranar Alhamis.

"To kai ka ɓata mini mako," in ji Zunnuraini, ya hau shi da masifa, muryarsa tangaran kamar da.

Imrana ya tsaya yana juya kwaɗon a aljihu, ya rasa ko uban ya ci jarrabawar ko ya faɗi. Daga ƙarshe ya ce zai zo ɗaukarsa bayan Azahar.

"Bayan La'asar," in ji Zunnuraini, bai ko waiwayo ba.