Kwaɗin da Na Yanka Don Neman Haihuwa

Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini. Lokacin da Turawa suka fara ɗibar mu aikin hanya ta wajen Dutse, ni ƙato ne, shekarata tara da aure babu ɗa. Gari ya ɗora wa matata laifin, na yi shiru, alhali matar da na saka kafin ita ta auri wani ta haifi uku a Kiyawa. A wajen aiki kullum sai an tsokane ni, wai in sara da ƙarfi tunda a nan kaɗai ƙarfina yake.

Wani mai magani ya ce in haɗiye 'ya'yan marainan kwaɗi maza guda arba'in. Ya ce namiji shi ne mai kuka, mai kanta a babban yatsa, wanda ke ɗafe a bayan mace yana zuba wa ƙwanta ruwansa. Damina ta sauka, ramukan da muka haƙa suka cika, na shiga kamu da hantsi. Kwaɗo ba shi da komai a waje, sai ka farke ciki za ka ga abu biyu kamar ƙwayar dawa manne da ƙoda. Nakan haɗiye, in yi amai, in sake.

Ina kan kwaɗo na talatin da ɗaya mata masu ɗiban ruwa suka gan ni da wuƙa da tulin gawar kwaɗi. Kafin azahar an ce ni maye ne, an kai ni gaban mai unguwa. Ya ce ko in faɗi abin da nake yi ko in bar garin. Na ce masa, ranka ya daɗe, magani nake nema, ni ne ba na haihuwa, ba matata ba. Aka yi dariya. Na ce wanda ya ƙera ɗansa da hannunsa ya miƙe in gan shi. Babu wanda ya miƙe.

Ban haihu ba har yau, ba na kuma sunkuyar da kai. Abin da ke cina shekara taran nan ne da na bar baiwar Allah tana shan zagi a madadina. Ta rasu ban nemi gafararta da bakina ba. Duk namijin da ya san daga gare shi ne, ya bar kwaɗi su yi kukansu, ya je ya faɗa wa matarsa yau.