Lallen da Ya Tsare Ni a Iyakar Maraɗi

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, 'yan'uwa, har yanzu da nake rubuta muku jikina bai dawo daidai ba. Ku yi haƙuri da tsawon zance, kun san halina.

Autata Rabi tana aure a Maraɗi, cikin fari gare ta, kuma watanta ya tsaya. Da gida za ta zo goyon ciki, likita ta hana ta doguwar hanya. Dangin mijin kuma duk suna ƙauye, shi ya sa ni zan je in yi mata wankan jego. Ni kuwa ko Katsina ban taɓa wucewa ba. Tun rasuwar Malam ni kaɗai ce a gidan nan, ni da kajina. Yayan Rabi ya yi mini fasfo, amma wannan ya ce katin ɗan ƙasa ma ya isa, wancan ya ce ai yanzu sai da biza. Na rasa maganar wa zan kama.

To, a mafarkin, wai jirgin ƙasan nan da ake ta cewa zai riƙa zuwa Maraɗi har ya fara aiki. Ga ni a ciki da ƙunshin ganyen darbejiya, da kanwa, da yajin jego a cikin gwangwani. Taragon tsaf, an shimfiɗa tabarmi maimakon kujeru, amma ba kowa sai ni. Na yi sallama duk da haka. Ba wanda ya amsa.

Ko gyara zama ban gama ba sai kawai jirgin ya tsaya. Wata murya ta yi magana daga sama da Faransanci, ban ji ko kalma ba, amma na gane cewa ta yi a sauka. Na sauka a wani fili fetal, ba itace ba inuwa. An ja layi da toka a ƙasa, wai ita ce iyaka. A bakin layin akwai taga ita kaɗai a tsaye, ba bango ba ɗaki, da ma'aikaci a bayanta. Hannunsa kawai nake gani da bakin hula.

Ya ce, "Mama, fasfo."

Na kwance shi daga bakin zane na miƙa. Ya buɗa, ya jima yana kallo.

"Biza fa?"

Na ce, "Haba ɗana, Maraɗi ce fa, ba Makka ba. Daga nan ma ina jin ƙamshin tuwonsu. 'Yata ce za ta haihu."

Sai ya turo wani ɗan gilashi mai haske, irin wanda na dangwala a ofishin fasfo, ya nuna mini in ɗora babban yatsa. Da na ɗaga hannu sai na gan shi da lalle, ya kama ja wur har ya yi duhu. To wace kaka ce za ta je gidan suna da farin hannu? Na dangwala, sai fitila ja. Na goge a zane na sake, ja. Na canza hannu, ja.

Ya ce, "Na'ura ba ta san ki ba."

Na ce, "Ni ce wallahi. Dubi hoton, har wushiryar."

Sai kawai tagar ta zama irin ta kicin ɗina, ina leƙawa ta cikinta. Can tsallaken layin ga Rabi zaune a kan turmi a wani tsakar gida, ta rungume jariri. Ga babbar tukunya a kan murhu tana tururi, ba kowa kusa da ita. Tana ta waige-waige wajen ƙofa. Na ƙwala mata kira, "Rabi! Auta! Ga ni nan!" Muryar ba ta tsallaka tokar ba. Ina gani wutar ta fara ja baya, tururin yana raguwa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ruwan yana hucewa, kuma kun san abin da ruwa mai sanyi yake yi wa mai jego.

Na durƙusa na dinga dirza yatsan da yashi. Na sa kanwar, na sa yawu. Ina dirzawa lallen yana hawa, har ya kai gwiwar hannu.

Sai kawai ga wata tsohuwa ta zo ta gefena da ƙwarya a ka. Tafiyar na fara ganewa. Inna ce, mahaifiyata, wadda ta rasu tun Rabi tana goye. Hannu da ƙafa duk lalle, ba takarda ba komai, ta taka tokar nan ta wuce, ba wanda ya ce mata kanzil. Na ce, "Inna, ki gaya masa ni 'yarki ce." Ba ta waigo ba. Ta nufi wajen Rabi kai tsaye, ta sauke ƙwaryar, ta sunkuya tana hura wutar.

Jirgin ya yi kuka ya tashi, ya tsallaka ba ni. Ma'aikacin ya ajiye mini fasfona a ƙasa, ya ɗauki tagarsa a hammata ya yi gaba. Aka bar ni a filin da ganyena a hannu.

A nan kiran assalatu ya tashe ni. Na farka hannayena a ɗaure cikin leda, don da ma da ƙunshi na kwanta saboda tafiyar. Ni na yi wa kaina, na biyun ma da haƙori na ɗaure, tunda ba mai kama mini. Na kwance na wanke, ya kama kuwa, irin kamun da ban taɓa samu ba. Na kira Rabi, wayar ba ta shiga. Na san sabis ɗinsu yakan yi haka, amma yau ban ji daɗinsa ba.

Don Allah waɗanda suka taɓa tsallakawa ku gaya mini, mai lalle tana wucewa, ko sai ya goge? Haihuwa dai ba za ta jira shi ba. Masu sanin fassara kuma ku taimake ni, ku faɗa mini gaskiya ko ba daɗi. Inna da ta riga ni isa wajen Rabi, taya ni ta je yi kafin in zo, ko wani abu ne ya kai ta?