Raƙuman Hanyar Maigatari

Da asuba muka taso daga Gagarawa Tasha a babbar mota, a shekarar da aka koma tuƙin dama. Abin da na fara gani shi ne direbanmu wajen mai shayi. Ya watsa fararen ƙwayoyi biyu a baki, ya kora da shayi.

Na biya ƙarin sule na zauna gidan gaba, don kada farar rigata ta ɓaci. Maigatari za ni, wurin wadda zuciyata ta zaɓa, ina ta bitar kalaman da zan faɗa mata. Kusa da ni wani dattijo ne, malamin asibiti.

Direba bai daina zuba ba har Gumel. Ya ce tun shekaranjiya bai runtsa ba, lodin gyaɗa yake ta yi. Da muka tsaya sayen ƙosai ya ƙi ci, sai cizon haƙora.

Dattijon ya raɗa mini: "Samari, ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi, kaɗan-kaɗan. Ƙwayar nan guga ce, ba ta ƙara wa rijiya ruwa. Kwashewa take yi gaba ɗaya. In aka haɗa da rashin barci, sai ido ya fara ƙarya."

Mun bar Gumel kenan direba ya taka birki, na kan bodi suka yi salati. "Raƙuma!" in ji shi. Hanya fayau, ko akuya babu. Ya murza ido yana dariya. Kalaman soyayyata suka gudu, addu'a ta maye gurbinsu.

Dab da Maigatari sai ga ayarin Buzaye suna tsallaka hanya, ranar kasuwa ce. Direba ya ƙara wuta.

"Ba za ku sake ruɗa ni ba!"

"Direba, na gaske ne! Wallahi na gaske ne!" Dattijon ya fizgi sitiyari, muka afka cikin rairayi. Ba wanda ya rasu, amma goshina ya fashe. Da jini a riga na isa wurin masoyiyata, ban iya ce mata komai ba sai sannu.

Washegari na dawo gida da darasi guda: kafin ka dubi tayar mota, dubi idon direba.

Bayan shekaru na ga direban nan a tashar Gumel, ba takalmi. Yana tsaye tsakiyar titi, yana tsai da motoci har raƙumansa su gama wucewa.